Yaya Mai Yunwa Zai Yi Azumi?

Yau ina so mu yi tunani tare a kan wata tambaya da aka taɓa yi mini, wadda ta hana ni sakat kwana da kwanaki, domin na san ba gida ɗaya ta shafa ba.

Ranar Larabar Toka ta shekarar 2025, wato 5 ga watan Maris, bayan mun tashi daga sujada a wata 'yar majami'ar ƙauye da ke tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, sai wani dattijo ya tsayar da ni a bakin ƙofa, tokar tana nan a goshinsa. Ya ce, "Malam, na ji ka ce mu rage abinci saboda Allah. To, ni a gidana tun watan jiya sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini. Me zan rage?"

Na yi sauri na ce, "Baba, ai shekarunka sun wuce, dokar azumi ba ta hau kanka ba." Sai ya girgiza kai ya ce, "Ban zo neman a sauke mini ba, Malam. So nake in san ko ni ma ina da rabo a cikin kwanakin nan, ko kuwa na masu ƙoshi ne kaɗai." Nan fa bakina ya mutu. Na roƙe shi ya ba ni lokaci, mu bi karatun Bishara na Lahadi-Lahadi tare, mu ga abin da Allah zai nuna mana.

INDA KWANA ARBA'IN SUKA SAMO ASALI

Kafin mu je ga amsa, ya kamata mu san abin da muke kiyayewa. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana Musa ya yi kwana 40 a kan Dutsen Sina'i, annabi Iliya ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, Ubangijinmu kuma ya yi kwana 40 a jeji kafin ya fara aikinsa a fili. A kan wannan ne ikilisiyar farko ta kafa al'adar. Taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Nikiya a shekara ta 325 ya ambaci waɗannan kwanaki a matsayin abin da jama'a suka riga suka sani. A wancan zamani lokaci ne na shirya masu neman baftisma, da na maido da waɗanda suka yi babban zunubi cikin zumunci kafin Ista.

Daga Larabar Toka zuwa jajiberen Ista kwana 46 ne. In aka cire Lahadi shida, waɗanda ba a azumi a cikinsu saboda kowace Lahadi ranar tashin Ubangiji ce, sai a sami 40 daidai. Ita kuwa tokar, daga ganyen dabinon da aka ɗaga a Lahadin Dabino ta bara ake ƙona ta, domin a tuna mana daga ƙasa muka fito, can kuma za mu koma. A Ikilisiyar Katolika, wadda Dayosis ɗinta na Kano ya haɗa da Jihar Jigawa, ƙa'idar ita ce mai shekara 18 zuwa 59 ya ci cikakken abinci sau ɗaya tak ranar Larabar Toka da ranar Jumma'a Mai Kyau, daga shekara 14 kuma a bar cin nama. 'Yan'uwanmu na Angilika su ma suna kiyaye lokacin, wasu ikilisiyoyin kuwa suna keɓe nasu kwanakin addu'a da azumi.

Abin lura a nan shi ne, Ista ba ta fita daga tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Saboda haka a ƙasarmu azumin nan kullum cikin rani yake faɗowa, ya fara da ƙarshen hunturu, ya ƙare cikin zafin bazara. Lokaci ne da rijiyoyi ke ja da baya, samari sun tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas, an sayar da riɗi da wake kuɗin sun ƙare, gero da dawa sun fara yin ƙasa a rumbu. Wanda ya shiga kasuwar Sara da nufin awo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ya san yadda kuɗin mota ya hau kan kowane mudu. To, tambayar Baba daga cikin wannan hali ta fito.

DUWATSU DA GURASA

Lahadin farko ta azumi a kowace shekara ana karanta labarin gwajin Yesu a jeji. A 2025 daga Luka sura 4 aka karanta. Mu mutanen Birnin Kudu ba sai an kwatanta mana dutse ba. Muna da Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen dā suka bar zanen shanu a jikin duwatsu, mun kuma san yadda dutse yake ɗaukar zafi da tsakar rana a watan Maris. A irin wannan wuri ne Iblis ya sami Yesu bayan yunwa ta kama shi, ya ce masa in dai shi Ɗan Allah ne ya mai da dutse gurasa.

Ku duba da kyau, 'yan'uwa. Marubucin Bishara bai ɓoye cewa Yesu ya ji yunwa ba. Wannan kaɗai babban albishir ne ga gidan da ake ɗora tukunya sau ɗaya, wato Mai Cetonmu ya san yadda ciki yake murɗawa. Sa'an nan ƙugiyar Iblis ba a cikin gurasar take ba, tana cikin 'yar kalmar nan "in". Nufinsa shi ne Yesu ya ɗauki yunwarsa a matsayin shaida cewa Uba ya yashe shi. Wannan gwajin ne yake shiga gidajenmu har yau. Rumbu ya yi ƙasa, yaro ba lafiya, sai wata murya ta ce maka, da Allah yana ƙaunarka da ba haka ba. Yesu ya ƙi auna ƙaunar Ubansa da mudu. Na gaya wa Baba cewa duk ranar da ya kwana da yunwa amma bai yarda da waccan murya ba, ya tsaya inda Ubangiji ya tsaya.

A BAKIN RIJIYA

Inda akwai masu shirin baftisma, a Lahadi ta uku akan karanta Yahaya sura 4, labarin Basamariya. Rijiyar Yakubu tana nan har yanzu kusa da birnin Nablus, zurfinta ya haura mita 30. Matanmu da suke jan guga a bazara sun san wahalar irin wannan rijiya, sun kuma san ba a zuwa ɗiban ruwa da rana tsaka sai da dalili. Da sassafe ko da la'asar ake zuwa, ana hira. Wannan mata kuwa ita kaɗai ta zo, rana na tsakar ka, mai yiwuwa gudun bakin mutane take yi, gama ta yi aure har sau biyar, wanda take tare da shi kuma ba mijinta ba ne.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, Yesu ne ya fara roƙo. Ya gaji, yana jin ƙishi, ba shi da guga, ya nemi ruwa a hannun matar da Yahudawa ba sa shan ruwa a ƙwaryar mutanenta. Bai jira ta gyara zamanta ba tukuna, bai tambaye ta azumi nawa ta yi ba. Ya san labarinta duka, duk da haka ya zauna ya yi magana da ita, har ta manta da tulunta ta ruga gari. Ga ƙaunar Allah ke nan: ita take riga mu zuwa bakin rijiya. Saboda haka azumi ba kuɗi ba ne da muke biya mu sayi tagomashi wurin Allah. In da haka ne, mai buhu goma zai fi mai tiya ɗaya samun shiga. Azumi amsa ce ga ƙaunar da ta riga ta same mu.

TAMBAYAR MAƘWABTA

A shekarar 2025 maƙwabtanmu Musulmi sun ɗauki azumin Ramadan ranar 1 ga Maris, mu kuma muka shiga namu kwana huɗu bayan haka. Ga 'yan tsirarun Kiristocin da ke zaune a tsakiyar Musulmi, wannan ya zo da nasa gwaji. Yaranmu sukan dawo daga makaranta suna cewa an tambaye su, wane irin azumi ne wannan da ake shan ruwa a cikinsa? Wasu manya kuma kunya takan sa su ƙi cin komai a fili, ba don Allah ba, sai don kada a raina su.

Maƙwabtanmu sun cancanci girmamawa a kan jimrinsu, gama yini guda ba ruwa a cikin zafin Maris ba wasa ba ne, kuma sau da yawa sukan aiko mana da kunu da ƙosai lokacin buɗa-baki. Amma mu ba gasa muke yi da kowa ba. Karatun Larabar Toka, daga Matiyu sura 6, ya haɗa abu uku, wato sadaka da addu'a da azumi, ya kuma gargaɗe mu mu yi su a ɓoye, mai azumi ya wanke fuskarsa ya shafa mai don kada a gane. In an tambaye ka, ka amsa da ladabi, ka bayyana yadda namu yake. Sauran kuwa ka bar wa Uban da yake ganin abin da ke ɓoye.

ƊAN DA YA TSAYA A WAJE

Lahadi ta huɗu ta faɗo ranar 30 ga Maris, ranar da gari ya cika da kiɗa da sababbin tufafi saboda Ƙaramar Salla. Mu kuwa muka karanta Luka sura 15, misalin ɗan da ya karɓi gādonsa ya tafi ya lalatar, ya ƙare da kiwon aladu, yunwa ta koro shi gida. Uban ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙa a guje ya rungume shi, abin da dattijo mai mutunci ba ya yi a gaban jama'a. Amma a wannan rana hankalina ya fi tsayawa a kan wan, wanda ya dawo daga gona ya ji ana biki, ya yi fushi ya ƙi shiga. Shi ma sai da uban ya fito waje ya lallashe shi. Yesu bai gaya mana ko ya shiga ba.

Bayan sujada Baba ya jira har kowa ya watse, sa'an nan ya ce, "Malam, ni ne wan nan." Ashe shekara uku ke nan ba ya magana da ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, saboda iyakar gonar gādo. Majami'a ɗaya suke shiga, amma kowa da gefensa, in an zo gaisuwar salama sai kowa ya dubi bango. Ya ce, "Na gane abin da zan rage. Tuwo ba ni da shi da yawa, amma fushi kam rumbuna cike yake."

Ban ƙara masa ko kalma ɗaya ba, domin Ruhu Mai Tsarki ya riga ya yi wa'azin. Annabi Ishaya a sura 58 ya nuna cewa Allah ba ya karɓar azumin da ake yi ana faɗa da jayayya, wanda yake so shi ne a kwance wa wanda aka danne igiya, a raba abinci da mayunwaci. Ran Jumma'a Mai Kyau, 18 ga Afrilu, Baba ya taka da ƙafarsa zuwa ƙofar gidan ƙanen ya yi sallama. Ba zan ce muku komai ya warware ba, don maganar iyakar gona sai da ta koma gaban dattawa. Amma an shimfiɗa masa tabarma, an kawo ruwa ya sha, ran Ista kuma na ga su biyun a benci ɗaya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

To, jama'ar Allah, kowa ya duba nasa rumbun. Wanda Allah ya hore wa abinci, ya rage da gaske, kuma abin da ya rage kada ya koma aljihunsa. Ina ba da shawara kowane gida ya ajiye ƙwarya guda, duk ranar da za a kai niƙa a ɗebi tafi ɗaya a zuba, ran Lahadin Dabino a kawo majami'a, Zumuntar Mata su raba wa gwauraye da marayu, har da maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba. Da yayyafi kogi kan cika. Masu ƙarfi a jika su je gai da marasa lafiya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ko su jawo wa tsohuwar unguwa ruwa. Mai bin bashin hatsi ya sassauta wa wanda yake bi.

Mara lafiya, da mai ciki, da mai goyo, da wanda dama sau ɗaya yake ci, kada ya cuci jikinsa, kada kuma ya ɗauka an bar shi a baya. Ku tuna da gwauruwar nan ta Markus sura 12 wadda ta jefa anini biyu, Yesu ya ce ta fi masu arziki bayarwa. Akwai gulma da za a bari, akwai giya, akwai gaba, akwai ƙofar da aka daɗe ba a yi sallama a bakinta ba. A cikin waɗannan kowa yana da abin ragewa.

Allah ya ba mu ƙarfin bin Almasihu daga jeji har zuwa gicciye, ya sa mu ga safiyar Ista da zuciya ɗaya, ya kuma kawo mana damina mai albarka. Amin.