"Babu Rezo": Me Ke Faruwa Idan Uwar Garke Ta Faɗi, Kuma Yaya Masana Ke Farautar Ƙwaron?

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Kwatano, ta ratsa Paraku da Kandi, ta biyo ta Guéné kafin ta dire Malanbil a bakin Kogin Kwara, ya san kalmomi biyu da suka fi tsayar da harka a wannan zamani, wato "babu rezo". Mai shagon tura kuɗi ta waya yana faɗa, ma'aikacin ofis yana faɗa, haka mai buga wa jama'a takardu a kwamfuta. Da zarar an furta su sai kowa ya nemi inuwa, mai shanun da ya sayar a kasuwar dabbobi ta Guéné ya zauna jiran kuɗinsa, direba ya kashe mota, mai albasa kuwa ya zuba wa buhunansa ido yana lissafin kwanakin da suka rage kafin su fara ruɓewa.

A yau za mu leƙa bayan waɗannan kalmomi ne, domin mai karatu ya san cewa cututtuka daban-daban ne ake haɗawa a ba su suna guda, kuma akwai ɗaya daga ciki da ba ta da alaƙa da rezo ko kaɗan.

Takardunmu sun koma kwamfuta

Tun a 1981 hukumar ciniki da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNCTAD, ta fara aikin wata manhajar duwan bisa roƙon ƙungiyar ECOWAS, wadda ƙasashe rainon Faransa ke kira SYDONIA, masu Turancin Ingilishi kuma ASYCUDA. Benin da Nijar duk sun yi aiki da ita. Sabon samfurinta an rubuta shi ne da harshen kwamfuta na Java, kuma ta intanet yake aiki, ma'ana jami'in da ke bakin iyaka yana danna madanni ne kawai, amma ainihin aikin a wata babbar kwamfuta ake yin sa can nesa. A 2019 ECOWAS ta ƙaddamar da tsarin SIGMAT domin kwamfutocin duwan na ƙasashe maƙwabta su riƙa musayar bayanin kayan da ke ratse. A Malanbil ma an gina ofishin iyaka na haɗin gwiwa da tallafin Tarayyar Turai, domin jami'an Benin da na Nijar su yi aiki wuri guda.

Gaskiya ne rufe iyaka da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai ya tsayar da manyan motoci a gadar Malanbil zuwa Gaya, kuma ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. To amma dogaro da kwamfuta bai tsaya a duwan kaɗai ba. Bayan rajistar jama'a ta RAVIP da Benin ta yi tsakanin 2017 da 2018, da kuma buɗe shafin ayyukan gwamnati a intanet a 2020, takardu da dama da a da ake rubutawa da hannu sun koma ana neman su ta waya ko kwamfuta. Ke nan mutumin Guéné, wanda tsakaninsa da Kwatano akwai tafiyar kilomita kusan 700, rayuwarsa ta rataya a kan lafiyar injunan da bai taɓa gani ba.

Igiya daban, uwar garke daban

Wani lokaci da gaske hanyar ce ta yanke. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan igiyoyin intanet guda 4 da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, wato WACS da ACE da MainOne da SAT-3, sun lalace a kusa da gaɓar Kwaddibuwa, kuma Benin na cikin ƙasashen da abin ya fi yi wa illa. Wannan gyaransa sai da jirgin ruwa, kuma ya ɗauki makonni.

Amma sau tari waya na nuna rezo cike, saƙonnin WhatsApp na shiga, shafi guda ne kawai ya ƙi buɗewa. A nan matsalar tana wajen uwar garke ne, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Domin a fahimta, mu ɗauki uwar garke kamar mai masauki a zango. Shi ne ke tsaye a ƙofa yana karɓar baƙi, amma ba shi ke yin kowane aiki ba. Yana da yara a cikin gida, wannan na duba lambar shaida, wancan na lissafin kuɗin fito, wani na zuwa rumbun bayanai ya ɗauko takarda. Waɗannan yara su ne ƙananan manhajojin da ake ɗora wa uwar garke, kuma galibi mutane daban-daban ne suka rubuta su a lokuta daban-daban. Manhajar mai masaukin kanta, irin su Apache da IIS na kamfanin Microsoft waɗanda duk suka fito a 1995, ba kasafai take faɗuwa don kanta ba. Yaran ne ke jawo ta.

Lambar da ta fito a fuskar kwamfuta tana ba da haske. Idan an ga 404, shafin da aka nema ne babu shi. Idan 500 ce, saƙo ya isa, amma wani yaro ya yi tuntuɓe a tsakiyar aiki. Lamba 503 na nufin gidan ba ya karɓar baƙi a yanzu, ko don cunkoso ko don an dakatar da aiki, ita kuwa 504 na nufin an aiki wani ya daɗe bai dawo ba har aka gaji da jira. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan lambobi to ya sani rezonsa lafiya lau, domin ta cikinsa amsar ta iso.

Abubuwan da ke kayar da su

Cututtukan da suka fi yawa guda huɗu ne. Na farko, manhaja ta miƙa hannu ta taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba nata ba, nan take babbar manhaja ta kashe ta. Na biyu, yoyon ƙwaƙwalwa, inda manhaja ke aron wuri a duk lokacin da aka aike ta amma ba ta mayarwa, sai a wayi gari bayan kwana biyu ko uku wuri ya ƙare. Wannan shi ya sa wani shafin ke gudu da safe ranar Litinin, kafin Laraba yana jan ƙafa. Na uku, cushewa, kamar motoci biyu da suka yi karo da juna a kan siririyar gada, kowacce na jiran ɗayar ta ja da baya. Na huɗu kuwa shi ne zuwan baƙon da ba a yi tanadinsa ba, wato bayanin da mai rubuta manhajar bai taɓa tunanin za a shigar ba.

Wannan na ƙarshe har ɓarayi na amfani da shi. A Yulin 2001 wata tsutsar kwamfuta mai suna Code Red ta shiga ta wata 'yar ƙaramar manhaja da ke cikin IIS, ta hanyar ɗura mata rubutu fiye da abin da za ta iya ɗauka. Ranar 19 ga watan kaɗai ta kama kwamfutoci kusan 359,000 cikin ƙasa da sa'o'i 14, alhali Microsoft ya fitar da facin toshe kafar tun wata guda kafin nan, masu kula da injunan ne ba su ɗora ba.

Daga baya, a samfurin IIS na 6 da ya zo da Windows Server 2003, aka raba wa yaran ɗakuna, ta yadda idan ɗaya ya faɗi ba zai ja sauran gidan ba, a kuma tashe shi nan take. Idan ya faɗi sau 5 cikin minti 5, sai a rufe ɗakin gaba ɗaya, masu shigowa su riƙa ganin 503. Haka kuma an tsara a riƙa sabunta kowane ɗaki duk bayan minti 1,740, wato sa'o'i 29, domin rage illar yoyo.

Yadda ake farautar ƙwaro

Masana na kiran kuskuren manhaja da sunan ƙwaro. Sunan ya girmi kwamfuta, amma labarin da ya fi shahara shi ne na 1947, lokacin da ma'aikatan wata kwamfuta mai suna Mark II a Jami'ar Harvard ta Amurka suka ciro ƙwaro na gaske daga cikin injin, suka manna shi a littafin aikinsu.

Matakin farko a farauta shi ne karanta kundin aiki. Kowace uwar garke na rubuta wanda ya shigo, da ƙarfe nawa, me ya nema, wace amsa aka ba shi. Masani zai duba mintunan da suka gabaci faɗuwar, ya ga ko akwai buƙata guda da ke maimaituwa kafin kowace faɗuwa. Mataki na biyu shi ne tambayar abin da aka canza kwanan nan, domin manhajar da ta shekara tana aiki ba ta cika lalacewa haka kawai ba, sai dai idan an ɗora sabon faci ko yawan masu shiga ya ƙaru. Mataki na uku, wanda ya fi buƙatar ƙwarewa, shi ne ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar manhajar a daidai lokacin da take faɗuwa. Akwai kayan aiki irin su DebugDiag da WinDbg da ake ɗanawa kamar tarko, da zarar ta faɗi su adana duk abin da ke cikinta a jaka guda. A cikin jakar nan ake ganin jerin aike, wane ya kira wane, har a iso layin da aka yi tuntuɓe. Akwai wahala a nan, domin sau da yawa wanda aka samu a kwance ba shi ne mai laifin ba, wani ne ya ɓata wurin tun da farko ya wuce abinsa. Daga ƙarshe sai a sake haddasa faɗuwar da gangan a wata kwamfutar gwaji, a yi gyara, a gwada, sannan a ɗora a kan ta aiki.

Abin da ke lalata wannan bincike shi ne gaggawar kashewa da kunnawa. Tabbas shafi zai dawo, jama'a su ji daɗi, amma shaidar da ke ƙwaƙwalwa ta goge, ƙwaron kuma na nan yana jiran wata ranar kasuwa.

Darasi daga maƙwabta

Nijeriya ta ba mu misalai biyu. Ranar 25 ga Fabrairun 2023, sakamakon zaɓen 'yan majalisa ya riƙa hawa shafin IReV na hukumar zaɓe ta INEC, amma na shugaban ƙasa ya ƙi, uwar garke na ta mayar da saƙon kuskure. A rahoton da ta fitar a Fabrairun 2024, hukumar ta ce an tsara manhajar ne ta riƙa ajiye kowane sakamako a ƙarƙashin jiharsa, shi kuwa zaɓen shugaban ƙasa ba na wata jiha guda ba ne, sai ta rasa inda za ta sa shi. A zaɓukan gwamnonin Ekiti da Osun na 2022 matsalar ba ta bayyana ba, tunda kowanne na jiha guda ne. A cewar rahoton, sai ƙarfe 8:55 na dare takardar farko ta hau bayan an yi faci. 'Yan adawa ba su gamsu ba, kuma ko da Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen ranar 26 ga Oktoban 2023, amanar da ta zube a waɗancan sa'o'i ba ta kwasu duka ba.

Na biyu, ranar 14 ga Mayun 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya fito ya bayyana cewa wani faci da ba a ɗora shi daidai ba a wasu injuna ya ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas, dole aka sake musu jarrabawa.

Abin da ya rage gare mu

Mu da ke wannan ƙarshen igiya ba za mu iya buɗe uwar garke ba, amma muna da rawar takawa. Idan shafi ya ƙi, a ɗauki hoton fuskar wayar, a rubuta lokaci da lambar da ta fito da abin da ake cikin yi, domin da wannan lokacin ne masani zai nemo wurin a kundin aiki. Idan harkar kuɗi ce, kada a yi ta danna tura, domin mai yiwuwa kuɗin ya fita amsar ce ba ta dawo ba. A duba ragowar kuɗi tukuna, a kuma adana lambar ciniki.

Hukumomi da kamfanoni kuwa, kiranmu gare su shi ne su riƙa gwada manhaja da irin nauyin da za ta ɗauka a ranar gaske, su tanadi hanyar takarda da doka ta amince da ita domin kaya masu lalacewa idan kwamfuta ta tsaya, su kuma riƙa faɗa wa jama'a gaskiyar abin da ya faru da lokacin da ake sa ran gyara. Matasanmu na Malanbil da Gaya da Kandi masu sha'awar kwamfuta su ma su sani cewa masu ƙera shafi suna da yawa, amma masu iya karanta kundin aiki su gano inda ƙwaro ya ɓuya ba su da yawa, kuma ana nemansu ruwa a jallo. Allah Ya sa mu dace.