Wasiƙa Daga Bama Zuwa Ga Wadda Aka Bari A Gida

Yawancinmu mun taɓa jin tsofaffi suna ambaton yaƙin Bama, amma ba safai a kan yi zancen 'yan matan da aka kai wa kayan baiko, ango kuwa ya shiga jirgin ruwa kafin a ɗaura aure ba.

A shekarar 1943 Turawan Ingila suka kafa runduna biyu ta sojan Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, domin yaƙar Japan. Akwai 'yan Arewa da yawa a ciki, Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya, Hausa kuwa ita ce harshen bariki. Runduna ta 81 ta sauka Indiya a 1943, ta shiga kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota, sai jirgin sama ke jefo musu abinci. Ta 82 ta biyo baya a 1944. A watan Janairu na 1945 suka ci garin Myohaung, wanda har yau akwai barikin soja mai sunansa a Legas.

To, yaya saurayin da ke cikin wannan kurmi zai yi magana da budurwarsa a ƙasar Garki? Da fari dai, galibinsu ba su iya rubutu ba sa'ad da suka shiga soja. Waɗansu a can suka koyi boko, waɗansu suka yi da ajami, sauran kuwa sai su roƙi aboki ya rubuta musu. In an gama, hafsa ya duba, ya soke sunan gari ko kogi, don kada takardar ta faɗa hannun abokan gaba. Daga nan ta haye teku zuwa Legas, ta hau jirgin ƙasa zuwa Kano, ta bi layin Nguru zuwa Ringim, sa'an nan a sami mai zuwa ƙauye. Kafin ta iso, wanda ya rubuta "ina lafiya" mai yiwuwa ya riga ya kwanta dama.

A gida ma ba a tsira ba. Yarinya ba ta karatu, tilas ta kai wa malami ko mai bishara ko akawun hakimi, ya karanta da ƙarfi, iyaye na zaune. Ashe maganar mutum biyu sai ta bi ta kunnen mutum biyar ko shida. Shi ya sa soja ya kan cika takarda da gaisuwa, ya tambayi damina da gero da lafiyar surukai, abin da ke zuciyarsa kuwa ya ɓoye shi cikin layi ɗaya, wato a jira shi. Ni a ganina wannan layi ya fi dukan sauran nauyi, gama in wasiƙa ta yanke shekara guda, iyaye sun fara sauraron wani manemi, ba kuwa za a ga laifinsu ƙwarai ba. Mai karatu ya buɗe Karin Magana 25:25, zai gane yadda gida ke ji ranar da takarda ta zo.

Shiru kuma ba kullum yake nufin mutuwa ba. Ishaku Fadoyebo, Bayarabe Kirista daga yankin Owo, an harbe shi a bakin Kaladan a 1944. Wani Musulmi mutumin ƙauyen, mai suna Shuyiman, ya ɓoye shi tare da abokinsa Dauda Kagbo na Saliyo, yana ciyar da su wata da watanni, alhali da Japanawa sun gane da sun kashe shi. A gida an ɗauka Ishaku ya mutu, sai ga shi ya komo da ɗingishi. Ya rayu har 2012.

Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, amma saboda ƙarancin jiragen ruwa sojojinmu da dama sai a 1946 suka ga gida. Waɗansu suka tarar ana jiransu, aka ɗaura aure. Waɗansu suka tarar da ita da goyo a gidan wani.

Mutanen nan kusan duk sun shuɗe. In akwai tsohuwar akwatin ƙarfe ta kaka a ɗakinku, ku buɗe ta kafin gara ta riga ku. Takardar da kuka samu, kada ku liƙe ta da gam. Ku sa ta cikin ambulan a wuri busasshe, ku ɗauki hotonta, ku kuma tambayi tsohuwar gidan wane ne ya karanta mata ita.