Raunin Hannu Ba Ya Jiran Layin Tiyata

A kakar bara, ɗan ƙanwata yana taya aikin injin casar masara a wani ƙauye tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, ya sa hannu zai zaro totuwar da ta maƙale, injin ya datse masa yatsu biyu. A wani ɗakin shan magani aka wanke ciwon, aka ɗinke fata, aka sallame shi. Sai bayan mako biyar muka gane cewa jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsun sun tsinke. Yau ko ƙotar fartanya ba ya iya damƙa sosai.

Jama'a, raunin hannu gāsa ce da lokaci. Tsinkakkiyar jijiya ana so a haɗa ta cikin 'yan kwanaki. Idan ta wuce mako biyu zuwa uku takan ja da baya, aikin ya koma babba. Amma mutumin yankinmu sai ya nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, inda zai tarar da layin waɗanda suka yi haɗarin mota. Wa zai ɗage tiyatar karayar cinya saboda yatsa? Shi ya sa da yawa ke ƙarewa a wurin maɗori, alhali ɗori ba ya haɗa jijiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yawancin wannan aiki ba ya buƙatar babban ɗakin tiyata. Wani likita ɗan ƙasar Kanada, Donald Lalonde, ya yaɗa hanyar yin sa da allurar kashe zafi haɗe da sinadarin da ke rage zubar jini. Ba a sa majinyaci barci. Idonsa biyu zai motsa yatsan, likita ya ga ko ɗinkin ya kama, ya koma gida a ranar.

Don haka roƙona ga gwamnatin Jihar Katsina ba na sabon gini ba ne. A ware ɗaki guda mai tsafta a Babban Asibitin Dutsin-Ma, ƙwararre ya riƙa zuwa daga Katsina sau ɗaya a mako tare da mai gashin ƙashi, musamman daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da injinan casa ke kwana suna aiki. A kuma koya wa ma'aikatan ƙananan asibitocin Kurfi su ce wa mai rauni ya lanƙwasa kowane yatsa kafin su ɗauki allura da zare.