Kafin ka sayi katin hoto, zaɓi monita tukuna

Duk saurayin da ya zo mini da maganar haɗa kwamfutar gem ta farko, da sunan kati yake farawa: "RTX 5090 nake so." Ni kuwa sai in tambaye shi wane monita zai sa a gabansa, don amsar ita ke yanke yawan kuɗin da zai kashe a sauran kayan.

Monita mai 1080p ɗigon haske kimanin miliyan 2 ne a fuskarsa, mai 1440p miliyan 3.7, mai 4K kuwa ya haura miliyan 8. Katin hoto ne ke zana kowane ɗigo, sau 60 ko sau 144 a daƙiƙa guda. Saboda haka kaso mafi tsoka na kuɗinka wurinsa zai tafi, amma gwargwadon aikin da monita zai ɗora masa. Nvidia ta fitar da RTX 5090 a Janairun 2025 kan dala 1,999, mai ma'adana gigabait 32, kuma shi kaɗai yana iya jan wat 575. RTX 5080 kuwa kan rabin wannan kuɗin ya fito, dala 999. In 1440p za ka buga, wanda shi nake ba mafari shawara, RTX 5070 Ti ko RX 9070 XT na AMD sun ishe ka har da ƙari. Kowannensu gigabait 16 gare shi. Haɗa 5090 da monita mai 1080p kamar yin hayar tirela ne don buhun gero guda.

Daga nan sai firosesa. Samari kan ruɗu da yawan ƙwaƙwalen da ke cikinta, su ce 16 ta fi 8. Ga mai tace finafinan Kannywood haka ne, amma gem ba kasafai yake amfana da su duka ba. Abin da ya fi so shi ne ma'ajiyar gaggawa mai faɗi a jikin firosesar kanta. Wannan ne ya ɗaga darajar Ryzen 7 9800X3D da ta fito a Nuwamban 2024: ƙwaƙwale 8 kacal, amma ma'ajiyar tata megabait 96 ce.

Firosesa ce ke zaɓar maka madabod, wato allon da za ta zauna a kai. Wannan Ryzen ɗin a mazaunin AM5 take zama, ba ta shiga allon Intel, kuma RAM samfurin DDR5 kaɗai take karɓa. Allon B650 ko B850 mai kyau ya wadatar, sai dai B650 tsohon ajiya na iya bukatar a sabunta masa BIOS kafin ya gane ta, don haka ka tambayi mai shago. RAM kuwa gigabait 32, sanda biyu masu 16-16, mai gudun 6000. A yawancin allunan ramuka na biyu da na huɗu ake sa su, sannan a kunna EXPO a BIOS, in ba haka ba za su yi ta tafiya ƙasa da gudun da ka biya. SSD ka nemi mai terabait 2, don Red Dead Redemption 2 shi kaɗai gigabait 150 yake nema.

Inda na fi ganin ana rowa shi ne akwatin rarraba wuta, wanda masu sana'ar ke kira PSU, tunda ba ya ƙara wa hoto kyau. Alhali in ya ƙone yana iya tafiya da wasu kayan. Nvidia da kanta wat 850 ta ba da shawara ga 5080, wat 1,000 ga 5090. Ka nemi mai tambarin ATX 3.1, kuma ka danna filogin katin har ya shige tsaf. A 2022 an samu filogan RTX 4090 da suka narke, binciken kamfanin kuma ya danganta abin da rashin shigar filogin sosai.

Masu gwajin kaya na YouTube a ɗaki mai sanyi da tsayayyiyar wuta suke aikinsu. Kai kuwa zafin Afrilu a Kano ko Maraɗi yakan wuce digiri 40, ƙurar hunturu na shiga ko'ina, wuta kuma a ɗauke a kawo. Don haka ka zaɓi akwatin kwamfuta mai raga a gaba da matatar ƙura da ake cirewa a wanke, ka kuma auna tsawonsa, don manyan katunan sun haura santimita 30. Ka sa UPS a cikin kasafinka tun farko, mai ba da wuta sumul irin wadda ake kira pure sine wave, ka duba wat ɗinsa ba lambar VA da aka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali ba. In kuɗin bai kai ba, sauko da katin hoto mataki ɗaya ka sayi UPS ɗin. Bambancin 5080 da 5070 Ti da ƙyar idonka zai gane shi a 1440p, amma ƙonewar madabod aljihunka zai daɗe yana jin ta.