Keken kaɗin da ya bar aiki ya koma kayan ado a fada

Idan kana yawan leƙa shafukan masu gwanjon kayan tarihi a Instagram, wata rana za ka ci karo da shi: ɗan mitsitsin keken kaɗi na katako mai sheƙi, ana tallarsa da sunan irin na gidan sarautar Turai. Kafin ka yaba kyansa ka wuce, tsaya ka ji yadda aka yi kayan aikin talaka ya shiga fada.

A Ingila, da keken kaɗi matan karkara suke juya gashin tumaki ya zama zare, su sayar su rufa wa kansu asiri. Wajen 1764 James Hargreaves ya ƙera injin da ke kaɗa zare da yawa a lokaci guda. Masana'antu suka biyo baya, kasuwar matan ta mutu. Keken kuwa bai ɓace ba, falon masu hali ya koma. Sarauniya Biktoriya da kanta an ɗauke ta hoto zaune gaban keken kaɗi, alhali yadin masana'antun Manchesta ya cika kasuwannin duniya.

A Indiya labarin ya sha bamban. Mahatma Gandhi ya ce kowa ya kaɗa zarensa, a ƙaurace wa yadin Ingila, har keken ya hau tutar jam'iyyar masu neman 'yanci a 1931. Da Gimbiya Elizabeth ta yi aure ranar 20 ga Nuwamban 1947, wata uku da samun 'yancin Indiya, gudummawar Gandhi ita ce ƙyallen da aka saƙa da zaren da ya kaɗa da hannunsa. Ka ga saƙo cikin ruwan sanyi!

To, mu fa? Kakanninmu da mazari suka yi nasu kaɗin. A gurje auduga, a shiɓe, a kaɗa, masaƙa su saƙa, marina su rina. Da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar ana kai tufafin birnin har Timbuktu. Yau kai da ka haddace sunayen shadda da leshi, ka taɓa riƙe mazari?

Idan akwai tsohuwar da ta iya kaɗi a unguwarku, je ka gaishe ta, ka nemi izininta ka ɗauki bidiyo, ka sayi zarenta da daraja. Ka yi hakan tun tana iya nuna maka yadda ake murza shi, kafin mazarin nata ma ya koma cikin gilashi.