Mutumin da ya zana bangon faya-fayan Fela

Kafin 1940, faifan garmaho yawanci a cikin takarda mara ado ake sayar da shi. Wani ma'aikacin kamfanin Columbia a Amurka, Alex Steinweiss, shi ne ya shawo kan shugabanninsa aka fara yi wa bangon faifai zane. Tun daga nan ido ke fara ciniki kafin kunne.

A Najeriya, da wuya a samu wanda ya kai Lemi Ghariokwu suna a wannan sana'a. An haife shi a Legas a 1955, kuma da kansa ya koyi zane. Ya zana wa mawaƙi Fela Kuti bango 26, farawa da Alagbon Close a 1974, faifan da ya ci sunan ofishin 'yan sandan da aka tsare Fela a ciki.

A dubi bangon nan da kyau. Fela na tsinke sarƙa, gidan yarin na ci da wuta, a ƙasa kuma wani ƙaton kifi ya kifar da jirgin ruwan 'yan sanda. Ko wanda bai iya karatu ba ya gane inda aka dosa, kuma nan gwanintar take. Lemi kan saurari waƙar tukuna, sannan ya cika fili da mutane, rubuce-rubuce da habaici. A bangon Beasts of No Nation na 1989, har shugabanni irin su Thatcher da Reagan da Botha ya zana da siffar dodanni.

Yau bangon da ke da faɗin inci 12 ya koma ɗan hoto a fuskar waya. Zane mai cunkoso irin na Lemi ba ya fita sosai a wurin, shi ya sa mawaƙa da yawa suka koma ɗora hoton fuskarsu kawai.