Balaraba Ramat Yakubu: Daga Rubutun Littafi Zuwa Rubutun Fim

Gabatarwa

Dalibi ɗan'uwana, sau da yawa mukan yaba wa jarumin fim mu manta da wanda ya sa masa magana a baki, wato marubuci. Wannan maƙala za ta yi waiwaye a kan rayuwar aikin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, domin mu ga yadda alƙalami ɗaya yake yi wa littafi da fim hidima.

Tasowarta da Littattafanta

An haifi Balaraba a Kano, kuma ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Muhammad. An cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, sai daga baya ta koma karatu ta hanyar ajin yaƙi da jahilci. Da Hausa ta riƙa rubutu. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? suka biyo baya a 1990. Jigoginta ba su wuce abin da ta gani da idonta ba: auren dole, sakin wulaƙanci da hana 'ya mace ilimi.

Shigarta Harkar Fim

A 1998 aka mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim. Labari ne na Rabi, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'yanta tara saboda amaryarsa Delu, har ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. A nan ne bambancin rubutun biyu yake fitowa fili. A littafi, marubuciya tana iya cika shafi guda tana bayyana abin da ke cin zuciyar Rabi. A fim kuwa babu wannan dama. Dole mai kallo ya gane baƙin cikin daga maganar da ta furta, ko shirun da ta yi, ko hayaƙin murhu da ke shiga idonta. Saboda haka marubucin fim yakan yanka labari fitowa-fitowa, ya faɗi wuri da lokaci, ya ba kowane ɗan wasa kalaman da suka dace da shekarunsa da matsayinsa.

Wannan ƙwarewa ta bayyana a Juyin Sarauta na 2017, wanda ita ta rubuta kuma ta shirya, Falalu Ɗorayi ya ba da umarni. Labarin fada ne na zamanin da, don haka tilas a tace Hausarsa, kada kalmar zamani ta kuɓuce daga bakin bafade.

Kammalawa

A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar Turanci ta Alhaki Kuykuyo Ne, wadda Aliyu Kamal ya yi. Ashe rubutu da Hausa bai tsare ta a gida ba. Mu da muke nazarin karin harshe da karin magana a aji, mu sani cewa su ne jarin marubucin fim. Idan muka bar wannan fage, kada mu yi kuka in mun ji gurɓatacciyar Hausa a talabijin.